Saura Igiya Ɗaya

Lausu, Rano
Ranar Laraba

Zuwa ga Yaya Tani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da Malam da yara duka. Yaya zafin nan? Yaya ƙafar taki, ta daina kumburin? Mu nan da sauƙi. Humaira na gaishe ki, ta ce in tuna miki kazar da kika yi mata alkawari, wai ba ta manta ba.

Kada ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya a hannunmu. Kin san gidanmu, gidan gandu ne, dangar kara ce kawai tsakanina da matan ƙannensa, ko tari na yi a ɗakina sai an yi mini sannu daga can ɓangaren. Abin da zan faɗa miki kuwa, ko a tsakiyar daji nake ba na jin bakina zai iya furta shi. Shi ya sa na ba A'isha mai daddawa, tunda duk ranar kasuwar Kibiya ta ƙofar gidanki take wucewa. Ki karanta ke kaɗai.

Yaya, saura igiya ɗaya tsakanina da Baban Humaira.

Ta farko kin san da ita, ta kan makullin a-kori-kurarsa ce, da ya rantse ni na ɗauke alhali yana cikin aljihun rigar da ke jikinsa. Ta biyun ranar Asabar ɗin nan ta tsinke. Tashi ya yi ya kora shanun huɗarmu kasuwa ya sayar, bai yi shawara da kowa ba, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. Shanun da ya yi rani guda yana yi musu dusa da hannunsa. Da ya dawo na tambaye shi da me za a yi huɗar bana, wallahi a hankali na tambaya. Sai ya tsaya yana kallona kamar yanzu ne maganar damina ta faɗo masa. Na gani a idonsa ya gane ya yi ɓarna. Kunyar ta juye ta zama faɗa, ya kira ni da sunana, abin da ba ya yi, kalmar ta fito. Kafin magariba ya zo bakin ƙofata ya mai da ni. Liman ya ce ta ƙirgu, ya kuma ja masa kunne cewa in ya sake to babu kome sai na yi wani auren.

Ke shaida ce ba haka yake ba. Mutumin da ake biyo shi har zaure a tambaye shi a sayar da wake yanzu ko a jira, mutumin da in yara sun ɓata masa rai sai ya yi dariya ya fita. Yanzu kullum da ciwon kai yake tashi, idanu jawur. Baƙi na yi masa magana a zaure sai su ga kai ya langaɓe. Ranar Juma'a ana huɗuba sai da na kusa da shi ya zungure shi. Yau ya faɗi magana, gobe ya ce shi bai faɗa ba, in ka tuna masa ka zama abokin gaba. A gidan nan an gama yanke hukunci cewa sammu ne, rubutu ya sha har ya gaji, hayaƙi kuwa ya gama ɓata mini labule. Ni ban musa ba, amma na san abin da ba su sani ba, don ni ce ke kwana kusa da shi.

Munshari ya daɗe yana yi, tun da ya yi ƙiba wuya ya cika, wannan na saba da shi. Shirun ne ke tsorata ni. Yana cikin munsharin sai ya ɗauke ɗif, ƙirji na ta kokawa amma iska ba ta shiga. Na taɓa karanta Fatiha har na kai ƙarshe bai ja numfashi ba. Sai ya zabura da wani gurnani kamar wanda aka tsamo daga rijiya, ya juya, ya ci gaba da barcinsa bai ma san an yi ba. Haka ake yi har asuba, da safe kuma ya ce shi lafiya lau ya kwana.

To ta yaya mace za ta dubi mijinta ta ce masa ga yadda kake yi in kana barci? Ko mai igiya uku cur za ta ji nauyi, balle ni. Yanzu ko gishiri ne ya ɗan zarce a miya sai gabana ya faɗi. Ina son mutumin nan, Yaya, kuma tsoronsa nake ji, ban taɓa zaton za su haɗu a zuciya ɗaya ba.

Roƙona shi ne ki tambayar mini ɗanki Shamsuddeen, tunda aikin jinya yake a Kano, ko ya taɓa ganin irin wannan. Kada ki ambaci sunan kowa. Ki ce wata ce ta tambaye ki.

Ki gaishe da Malam. Ki sa ni a addu'a.

Ni ce ƙanwarki,
Zulaiha

*

Lausu, Rano
Ranar Litinin

Yaya Tani,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan kin wuni lafiya, da fatan ruwan farko ya same ku yadda ya same mu. Saƙonki ya iso, Allah ya bar zumunci. Amma Yaya, na ce ki ce wata ce, ke kuma kika je kika ce wata ƙanwarki. Ƙanne nawa gare ki in ba ni ba?

Na karanta abin da Shamsuddeen ya ce har ya zauna mini. Wai ciwo ne sananne, maƙogwaro ne ke rufewa in mutum ya yi barci, kuma yana da magani. Wannan ya sanyaya mini rai. Wanda bai sanyaya mini ba shi ne cewa in ɗauke shi a waya yana barcin, wai masu ciwon ba sa yarda sai sun gani da idonsu. Na ce lallai yaron nan bai yi aure ba. In ɗauki mijina baki buɗe, in adana a waya? Na ninke takardar na ce ba da ni ba.

Sai ga abin da ya faru ranar Alhamis. Ya ɗauko taki daga Rano, wajen Dawaki motar ta saki hanya ta faɗa gonar mutane. Allah ya tsare, babu wanda ya ji ciwo, sai kunyoyin da ya tattake. Ya dawo yana ta zagin makaniki, wai sitiyari ne ya ƙwace. Amma ƙanensa Isma'ila da ke zaune a gefensa ya faɗa wa matarsa, ita kuma ta faɗa mini a bakin rijiya, cewa idonsa a rufe yake. Da rana tsaka, Yaya, a hanyar da yara ke bi su tafi makaranta. Duk da haka washegari ya sake ɗaukar makulli, kuma babu mai iya ce masa kanzil.

Na yi ta juya abin. In na yi magana, ina iya rasa aurena. In na yi shiru, wata rana a makara za a shigo mini da shi, ko ya ɗauki ran ɗan wani. Jiya bayan azahar ya shiga turaka ya kishingiɗa, ko hula bai cire ba barci ya kwashe shi. Na leƙa da kwanon fura a hannu don in an gan ni in sami abin faɗa. Na ajiye kwanon, na ɗaga wayar. Gaskiya ji na yi kamar ɓarauniya. Na samu komai, munsharin, shirun, da zaburar. Da na fito cajin ya kusa ƙarewa, sai na aika da ita shagon Ɗayyabu mai caji a bakin tasha yadda muka saba, aka dawo mini da ita da yamma.

Yanzu abin yana cikin wayar, ni kuwa ji nake kamar na ƙulle garwashi a bakin zanena. Ban san ranar da zan nuna masa ba. Duk sanda na ce yau, sai in dubi fuskarsa in fasa. Ki yi mini addu'a Allah ya ba ni sa'ar da ransa ke kwance.

Ki gaishe da kowa da kowa.

Taki,
Zulaiha

*

Lausu, Rano
Ranar Lahadi

Yaya Tani,

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaishe da Malam, yaya aikin gona? Ki yi haƙuri da shirun da kika ji, abubuwa ne suka taru. Kafin hankalinki ya tashi bari in fara da cewa har yanzu ina ɗakina.

Na nuna masa. Dambu na yi masa, wanda yake so da zogale, na jira ya ci ya wanke hannu. Sai na jingina wayar da kwanon sha, na danna, na fice madafi ban ko waiga ba. Daga can ina jin munsharin na fitowa, sai shirun nan ya zo. Yaya, na san shirun nan tsawon shekaru, amma ban taɓa jin tsawonsa ba sai ranar. Ya ƙare, na ji ya sake sa shi, ya kuma sakewa. Ina riƙe da ludayi ina salati, na riga na fara tunanin wane zane zan ɗaura in an ce in tafi.

Ya kira ni, na shiga. Bai ɗago ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Kullum haka nake?" Na gyaɗa kai. Sai ya ce shi da ya ga mutumin nan a hanya da cewa zai yi a kira masu wankan gawa. Ya ce in shirya, za mu Kano, kuma da zarar likita ya gani in goge abin a gabansa.

Shamsuddeen ne ya yi mana jagora. Sai da Baban Humaira ya kwana a asibiti, suka manna masa wayoyi a jiki suna auna barcin. Likitar mace ce, ba ta da wasa. Ta ce numfashinsa na tsayawa sau da yawa a kowace awa, duk tsayawa kuma sai iskar da ke cikin jini ta ragu, ƙwaƙwalwa ta firgita ta tashe shi ba tare da ya sani ba. Ta ce shekaru ke nan yana kwanciya amma bai yi barci ba. Kuma kan da bai huta ba, abin da ke fara lalacewa shi ne riƙe magana, da auna abu kafin a yi, da danne fushi. Da ta faɗi haka na ga ya sunkuyar da kai, na san shanun ya tuna, da abin da ya biyo bayansu. Amma ta ƙara da cewa ba duk halin mutum ne za a ɗora wa maƙogwaro ba. Na so in yi dariya, na cije. Ta hana shi tuƙi sai ta sake ganinsa, ta ce ya rage ƙiba, hawan jinin ma da muke fama da shi ta ce da hannun wannan ciwon a ciki.

Maganin ba ƙwaya ba ne, inji ne, ɗan ƙarami kamar rediyo, da tiyo da abin rufe hanci da baki. Iska yake turawa a hankali don kada maƙogwaron ya rufe. Da aka ɗaura masa a gwada, ya dubi madubi ya ce ashe takunkumi za a sa masa kamar jakin da aka hana cin dawa. Waken da ya ɓoye ya fitar ya sayar kafin muka iya sayo shi, Isma'ila kuma ya haɗa mana farantin sola da batir a bayan turaka.

Kada ki ɗauka an gama. Kwanakin farko yaƙi aka yi. Ya ce yana shaƙe shi, ya ce hancinsa ya bushe, in na farka sai in tarar ya tuge shi ya jefar. Ni kuwa ba ni da bakin cewa mayar, sai dai in ɗauka in ajiye kusa da hannunsa in koma in kwanta. Wani lokacin ya ɗauka, wani lokacin ya juya mini baya. Haka muke tafiya a yanzu.

Ki yi wa Shamsuddeen godiya, Allah ya yi masa albarka, ya ba shi mace mai haƙuri.

Ƙanwarki,
Zulaiha

*

Lausu, Rano
Ranar Laraba

Yaya Tani,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, da fatan gero ya yi kyau a wajenku. Namu ya makara saboda abin da kika sani, amma ya tashi, alhamdu lillahi.

Yaya, mijina ya dawo. Ba rana ɗaya ba, kaɗan-kaɗan ya riƙa dawowa. Farko na lura ya daina neman maganin ciwon kai da safe. Sai wata rana na ji yana tsokanar Humaira a kan kitsonta, na tsaya da tsintsiya a hannu ina saurare, don na manta yadda dariyarsa take. Shi ya zauna ya tsara yadda aka yi musayar aiki da maƙwabta aka samu shanun huɗa, gona bayan gona, bai rikice ba. Mantuwa ba ta tafi duka ba, har yanzu yakan nemi hularsa tana kansa, amma yanzu dariya yake yi in an nuna masa. Ni ma na koyi barci. Injin na ɗan huci a hankali, babu gurnani, babu shirun nan.

Akwai abin da ya yi da ya sa ni kuka. Ya je wurin Liman da kansa, ya kwashe bayanin likita ya faɗa masa, ya tambaya ko sakin da mutum ya yi cikin irin wannan ciwo yana ƙirguwa. Liman ya tambaye shi abu ɗaya, shin a lokacin ya san abin da bakinsa ke faɗa? Ya ce ya sani, ya dai kasa riƙe shi ne. Liman ya ce to suna nan a ƙirge. Da ya dawo ya faɗa mini, wallahi sai da na ji haushinsa, na ce a raina mutum ba zai ɗan yi shiru ba? Daga baya na gode wa Allah da ya faɗi gaskiya, don ba na son zaman da ake shakkarsa. Amma ke nan inda muke muna nan, saura igiya ɗaya ce.

Ya gaya mini wani abu kuma. Akwai daren da batir ya mutu tun kafin tsakiyarsa, ya ce da ya tashi ya ji tsohon kan ya dawo, kamar ɗaki ya cika da hayaƙi, komai aka faɗa masa sai ya ji tsokana ce. Da can bai san hayaƙi ba ne, don a ciki yake kwana yake tashi. Yanzu da ya ɗanɗani sarari yana gane shi. Ya ce ya ɗaukar wa kansa alkawari, duk ranar da ya tashi da wannan kan ba zai saya ba, ba zai sayar ba, ba zai yanke wa kowa hukunci ba.

Abu ɗaya ne bai sauya ba, kunyar injin. In gari ya waye sai ya naɗe shi ya tura ƙarƙashin gado, ban da ni da Isma'ila babu wanda ya taɓa ganinsa a garin nan. Mutane cewa suke rubutu ne ya karɓe shi, shi kuma ya bar su a haka. Ko kasuwar Dawanau ya daina kwana, ya ce ya gwammace ya rasa ciniki da 'yan kasuwa su gan shi da takunkumi. Hoton kuwa na goge shi a gabansa tun ranar da muka dawo, kowa ya huta.

Ga daddawa nan da ɗan zogale A'isha za ta ba ki. A gaishe da yara.

Taki har kullum,
Zulaiha

*

Lausu
Ranar kasuwa, da hantsi

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Ki gafarce ni, gaisuwar yau gajera ce, A'isha na tsaye a zaure tana jirana.

Marka ta sauka, kwana da kwanaki ba mu ga rana ba. Batir ya mutu murus, injin ya zama kwalliya. Tun daren farko gurnanin ya dawo, da shirun. Na ga idon ya sake yin ja, na ga yana amsa gaisuwa da ƙyar. Na kama bakina, na kama na Humaira, na ce mu lallaɓa har rana ta fito.

Ashe akwai abin da ke jirana. Kin tuna ranar da na ɗauke shi na aika da wayar shagon Ɗayyabu? Ashe a shagon nan ba caji kaɗai ake yi ba, buɗe wayoyin mutane ake yi ana kwashe abin da ke ciki. Abin da na goge a gabansa ya riga ya fita tun kafin shi kansa ya gani. Yanzu yana wayar kowane ɗan tasha, har kiɗa suka ɗora masa. Matar Isma'ila ce ta faɗa mini jiya tana kuka. Ta ce in ya wuce sai samari su riƙa yin gurnanin a bayansa, shi bai gane ba. Yau da safe wani ya nuna masa. Kuma kowa ya ga labulen turakarsa a ciki, kowa ya san mutum ɗaya ce ke shiga wurin.

Ina tankaɗe a rumfa ya shigo, a jiƙe sharkaf. Ya tsaya a tsakar gida cikin ruwan. Duk matan gidan suka tsaya, har daka aka daina. Ya kira ni da sunana, Yaya, yadda ya yi sau biyun nan. Na miƙe, garin ya zube, ban ko duba ba. Na ga bakinsa ya buɗe, na rufe idona.

Ban ji komai ba. Da na buɗe sai na ga ya sa tafin hannunsa ya toshe bakinsa, ya danne da ƙarfi har jijiyar wuyansa ta fito. Ya daɗe a haka yana kallona. Sai ya juya ya shiga turaka, ya fito da jaka a hammata, ya fice cikin ruwan. Na leƙa ƙarƙashin gado, babu injin.

Ban san inda ya nufa ba. Zuciyata na ce mini rafi zai jefa shi, daga nan ya wuce wurin Liman a rubuta takarda, don kada a ce a cikin fushi ya yi. In haka ne ba ni da abin cewa, ni na ɗauke shi, ni na aika da wayar. Amma Allah ya sani ba don in tozarta shi na yi ba.

Ki ɗan kawar da buhunan da ke ɗakin bayan nan naki, ko da za a buƙaci wurin. Kada ki faɗa wa Malam tukuna.

Zulaiha

*

Lausu, Rano
Ranar Juma'a

Zuwa ga Yaya Tani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ban haƙuri kan tayar miki da hankali da na yi, ina fata kina lafiya, ke da mutanen gida. Na san ba ki runtsa ba tun da takardata ta iso, shi ya sa ban jira ranar kasuwa ba na ba direban Kibiya wannan.

Ba rafi ya je ba, ba kuma wurin Liman ba. Shagon Ɗayyabu ya je. A duk garin nan cikin markar nan, nan ne kaɗai janareta ke aiki. Isma'ila ya bi bayansa a guje yana zaton kashe mutum za a yi, shi ya ba ni labari. Ya ce rumfar cike take da masu fakewa ruwa, su ɗin dai da ke dariyar. Da suka gan shi kowa ya sha jinin jikinsa, Ɗayyabu har ya fara neman ƙofar baya. Shi kuwa bai dubi kowa ba. Ya nuna soket da yatsa, ya buɗe jaka, ya fito da injin da ya yi watanni yana ɓoyewa, ya jona. Ya cire hula, ya ɗaura takunkumin a gaban idon kowa, ya miƙe a kan benci ya rufe ido.

An yi dariya, kada in yi miki ƙarya, wasu har sun ɗaga waya. Suna ta jiran gurnanin, bai zo ba. Isma'ila ya ce can sai wani ya miƙa hannu ya rage rediyo. Tun hantsi yake barci sai kiran la'asar ya tashe shi. Ya yi alwala, ya rama azahar, ya yi la'asar, sannan ya faɗa wa Ɗayyabu a natse cewa maganar buɗe wayoyin matan mutane a gaban mai unguwa za a yi ta.

Da ya dawo ina zaune a bakin gado da mayafina a jiki. Ya zauna a kan tabarma ya ce, "Da safe ban yarda da kaina ba. Yanzu na yi barci, faɗa mini yadda aka yi." Na faɗa masa tun daga kwanon fura har aiken cajin. Bai katse ni ba ko sau ɗaya. Da na gama ya ce na yi sakaci, kuma ransa a ɓace yake, zai ɗan jima kafin ya wuce. Na ce na yarda. Ya ce kalmar ta zo har kan harshensa, ya ji ta sarai, sai ya gane irin ta ranar shanun ce, daga cikin hayaƙin nan ta fito. Ya ce dariyar tasha zai iya haɗiye ta, amma wannan in ta fita ba a mai da ita.

Har yanzu rana ba ta fito ba. Kullum da hantsi yana saɓa jakarsa ya tafi tasha, sun riga sun raɗa masa Mai Takunkumi, yara na binsa da shi. Ina leƙensa ta zaure har ya sha kwana, ba ya waiwaye. Bai gama sakin fuska da ni ba, amma jiya ya cinye tuwonsa ya nemi ƙari.

Ki mai da buhunanki inda suke, Yaya. In kin tashi zuwa ki taho da kazar Humaira, a nan za ki same mu.

Ki huta lafiya. Ni ce ƙanwarki,
Zulaiha